Hoton Ranar Kofi

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ƙarfin jiki? Mu ma lafiya lau.

Ranar Juma'a, wajen sunan ɗan Garba gola, tsofaffin magoya bayan ƙungiyarmu suka hau musun kocin da ya fi. An ambaci kowa, har wanda ya yi wata biyu. Kai da ka ciyo mana kofi, ba wanda ya tuna ka. Aka ɗauko hoton ranar da muka ci kofin, babu kai a ciki. Ni na yanke gefenka da almakashi tun a lokacin, saboda ka ajiye ni a benci a wasan ƙarshe, alhali Baba ya taso daga Achika don ya ga na buga.

A sa mu a addu'a. Ka gaishe da Anti Hauwa. Guntun hoton yana nan in kana so.

Ƙaninka,
Sani