Abin da Tisoy ya yi wa Nanay

Guimbal, Iloilo

Zuwa ga ƙanina Efren,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Lorna, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Milan da wahalar aiki. Mu ma muna nan yadda Allah ya bar mu. Ƙafar maigidana Ruben ta yi sauƙi, har ya koma teku da kwalekwalensa. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

An sallamo mahaifiyarmu Nanay daga asibiti ranar Talata. Likita ya ce ƙashin ƙugunta ya karye, kuma a shekara tamanin da uku kada mu sa rai za ta sake takawa zuwa coci da ƙafarta. Ni nake juya ta, ni nake yi mata wanka. Matar da ta haife mu tana kawar da kai don kunya duk lokacin da na kawo mata fo.

Ga yadda abin ya faru, tunda kai ka ji shi a gutsure. Ranar bikin waliyyin garinmu gida ya cika da baƙi, masu ganguna suna wucewa, wani ya bar ƙofa a buɗe. Karenka Tisoy ya rikice don murna, yana tsalle a kan kowa yana lasa. Nanay tana saukowa daga matakala da farantin shinkafa, ya ruga ya ɗora mata ƙafafunsa biyu a ƙirji, yadda ka koya masa tun yana ɗan kwikwiyo. Da ta faɗi aka yi ihu, mutane suka yi caa a kanta. Karen da bai taɓa ganin mutum goma a wuri ɗaya ba sai ya firgita, kuma da maƙwabciyarmu Manang Pacita ta kama wuyansa don ta janye shi, ya kafa mata haƙori a hannu. Ɗinki shida aka yi mata da allurai. Shekara talatin muna maƙwabtaka, yanzu in ta hango ni sai ta shige gida.

Ka ce mini a saƙonka wai Tisoy ba ya cizo, son mutane ne ya yi masa yawa, laifin wanda ya buɗe ƙofa ne. Na faɗa wa likitar dabbobi haka, sai ta yi dariyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ta ce son mutane daban, iya zama da mutane daban. Ta tambaye ni ko an taɓa fita da shi kasuwa yana ƙarami, ko ya saba da ƙarar babur, da yara, da tsofaffi masu sanda, da sauran karnuka. Na ce mata shekara uku yana bayan katanga, domin mai shi ya ce kada ya cuɗanya da karnukan titi ya kwaso ƙaiƙayi. Ta ce to an koya masa murna, ba a koya masa natsuwa ba, kuma karen da bai san duniya ba, tsakanin murnarsa da tsoronsa babu nisa.

Ka tuna Uling, baƙin karen Manong Isko mai kifi, wanda kake kira mara fara'a don ba ya kaɗa maka jela? Kullum yana kwance ƙarƙashin tebur a tsakiyar kasuwa. Yara suna tsallake shi, babura suna wucewa ta gefen kunnensa, tsofaffi suna dogara sanda kusa da hancinsa, ko kai ba ya ɗagawa. Shekara tara bai taɓa kayar da kowa ba. Manong Isko ya ce mini, cikin zolayarsa, nasa karen ɗan kasuwa ne, naka kuwa ɗan gata ne da aka hana shiga mutane, kuma wai ya san wanda Tisoy ya gado.

Manong Isko ne dai ya ceci Tisoy. Mijin Pacita ya kai ƙara wurin shugaban unguwa, ya ce a kashe karen. Manong Isko ya tashi ya ce a ba shi wata uku. Yanzu kowace safiya yana fita da Tisoy da Uling a igiya, daga nesa da hanya tukuna. Ranar farko Tisoy ya ga keke mai ƙafa uku ya yi fitsari a tsaye yana rawar jiki. Na tsaya ina kallonsa, na rasa inda zan ajiye fushina, don na ga ba mugu ba ne. Ni ma da laifina, na sha ganin yana tsalle a kan baƙi ina cewa wasa yake. In wata ukun sun cika zai zauna wurin Manong Isko. Ba shawararka nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Nanay ta roƙe ni kada in ɗaga maka hankali, wai kana da nauyi a kanka. Amma akwai abin da ba zan haɗiye ba. Ranar Laraba da ka kira, wayar tana kan matashinta, a buɗe, ta gyara gashinta tana jiran muryarka. Abin da ka fara tambaya shi ne ko Tisoy yana cin abinci. Ta ji. Sai ta ce in juya ta wajen bango. Don Allah ka kira ta ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Efren, kuma ka fara da ita.

Ka gaishe mini da Lorna da kyau, da gwaggonmu Tiya Remedios in kun haɗu. Ruben yana gaishe ka, haka ma Marivic da mijinta. Allah ya tsare ku.

Yayarka,
Nilda