Warin Ajin Ƙarshe

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki masu surutun tsiya.

Ƙungiyarmu ta manoma za ta zauna ta fitar da matsayinta kan makarantun ƙauye, kuma ni magatakarda aka ɗora wa rubutun. Ga abin da muke so: a riƙa hutu lokacin girbi, a ƙaro malamai, sannan duk ajin da babu yara a ba manoma su ajiye amfanin gona, mu kuma mu gyara rufin makarantar. Kin sha yi min kukan yoyo. Shugaba ya ce in malama kamarki ta sa mana baki, maganar za ta fi nauyi. Ki turo min layi biyu.

Ƙaninki.

Zuwa ga Magatakarda,

Wa'alaikumus salam. Magatakarda manya! Hutun girbi na yarda, ƙarin malamai na yarda. Na ukun ne ya sa na ajiye takardarka na fita waje shan iska.

Kana birni karatu shekarar da 'yata Tsigi ta rasu, an ce maka zazzaɓi ne, ni kuma na kasa buɗe baki. Yau zan faɗa. Kawu ya roƙi ajin ƙarshe ya zuba buhunan wakensa, ya cusa ƙwayoyin maganin ƙwari a ciki, ya toshe tagogi da ƙofa yadda kowane manomi ke yi. Bai san ɓeraye sun huda bangon da ke tsakaninsa da ajina ba. 'Yata tana zama a jikin bangon, don ta ce nan ne ruwa ba ya ɗiga mata a littafi. Ta ce min, "Mama, ajin nan warin tafarnuwa yake." Yara suka yi mata dariya. Da azahar ta fara amai, kafin a samo mota ta cika.

Ƙanina, har yau ina jin warin nan. Nakan buɗe aji da safe ya tare ni a bakin ƙofa, in tambayi yara, su ce ba su ji komai ba. An liƙe ramin da siminti tuntuni, amma hannuna yakan kai can ya shafa. Bencinta kuwa kowace shekara sai wata yarinya ta zaɓe shi, saboda yoyon nan dai, in tashe ta ba tare da na iya faɗin dalili ba. Tsoro nake ji, wallahi.

Ka gaida iyali.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta, na kasa cin abinci. Allah ya jiƙan Tsigi.

Na je wa shugaba da maganar. Ya ce a rubuta cewa ban da sa magani. Na ce wane manomi ne zai ga ƙwari na cin wakensa ya tuna da rubutu? Ya ce to in kawo wanda zai sayi kwanon rufi. Mutane sun matsu da wurin ajiya, Yaya, kuma Kawu yana cikin masu zaman, a layin gaba. Kin yarda in karanta musu wasiƙarki? In kin ce a'a, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki.

Ƙanina,

Karanta. Kada ka tsallake sunanta.

Yayarka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta musu. Kawu ya daɗe kansa a ƙasa, sannan ya miƙe da sandarsa ya ce a cire magana ta uku. An cire. Rufin mu za mu hau da kanmu kafin damina, ki aro mana tsani.

Da muka fito ya riƙe min hannu, ya ce in tambaye ki: warin nan, da safe ne ya fi tare ki? Shi wai da yamma ne, in ya buɗe rumbu.

Ƙaninki.