Ledar Magungunan Inna

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Daudawa lafiya lau, an fara yankan dawa.

Maganar jirin nan na Inna ce. Ranar Talatar makon jiya ya kayar da ita a bakin murhu, Allah ya tsare ba ta ƙone ba. Muka kai ta asibiti Ƙanƙara. Likitar da muka samu ba mai yawan fara'a ba ce, amma ba ta taɓa biro ba sai da Inna ta gama bayaninta kaf, har da labarin akuyarta da ta ɓata. Sannan ta ce, "Hajiya, me da me kike sha?"

Na zazzage mata ledar magungunan a tebur. Ta ware kwali biyu, wanda kake aikowa da wanda mai kemis ya bayar. Ta ce, "Suna ne ya bambanta, amma duk maganin hawan jini ne. Ninki biyu take sha, shi ya sa jinin yake sauka da yawa. A ajiye ɗaya."

Inna ta nemi allura, likitar ta ce babu buƙata. Har muka iso gida Inna na mita, wai wace irin likita ce ko ƙwaya ba ta rubuta ba. Yau kwana tara ba jiri, jiya ma da ƙafarta ta je barka.

Ka dakata da aiko maganin tukuna. Likitar ta ce in faɗa maka ba laifinka ba ne.

A sa Inna a addu'a. Ka gaida mutanen gidan duka.

Ƙanwarka,
Hadiza