Tuba Ma Tana da Maimai

Lahadi da dare, Tama

Yau fasto ya karanta muna labarin gurgun da manzanni suka tayar a ƙofar haikali, har ya miƙe yana tsalle, kana aka ce ma jama'a su tuba. Da ya kai ga tubar sai ya dube ni. Yaron da na girme ma ubanshi.

Bayan an tashi na tare shi. Na ce, "Ni na tuba tun ba a haihe ka ba, dangi suka daina cin tuwo da ni. Sau nawa mutum ka tuba?"

Ya ce, "Baba, ka taɓa yin noman hwari ka bar gona ba maimai?"

Duk Tama an san gonata ba ta taɓa rasa maimai ba. Ya san inda ya soka.

Da la'asar na ja wannan gwiwa tawa mai ciwo har gidan ƙanena Illa, wanda muka yi damina tara ba mu gaisa ba a kan gambar iyakar gona. Gwiwar dai ba ta warke ba, amma ta kai ni. Illa ya ce, "Yaya, kai ne ko gizo idona ka yi?" Ya shimhiɗa min buzun sallarshi na zamna.

Ni ne babba, kuma ni na tahi. Gobe za mu maida gambar wurinta. Ni zan nuna wurin, don ni na tumɓuke ta.