Yadda Ake Riƙe Ƙofa a Gidan Ashcombe

Zuwa ga ƙanwata Mavis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Rabona da ke tun shekarar Babban Sanyi, da dusar ƙanƙara ta binne tumakin garinmu. Shekara hamsin da uku ke nan.

Masu fim sun yi hayar gidan Ashcombe, inda muka yi barantaka ni da ke. Fim ɗin labarin wani maigida ne da aka sa wa guba. Da yake duk barorin gidan ni kaɗai na rage a garin, suka ɗauke ni in koya wa 'yan wasa aiki. Ba su san komai ba, Mavis. Wata ta kalli maigida ido cikin ido tana miƙa shayi! Manyansu suna cin abinci a sama, ni a tanti tare da direbobi. Hakan ya yi mini daidai.

Darakta ya rasa dalilin da zai sa baranya ta kashe maigidanta. Sai na ba shi labarinki. Ya ce ki zo ran Alhamis a gan ki.

Yayanki,
Cuthbert

Yaya,

Ina gaisuwa. Ƙafar tana nan, ita ba ta taɓa gudu ta bar ni ba.

Ka gaya musu cikin da na yi na ɗan maigida ne, na sani, wannan yana da daɗin faɗa. To ka gaya musu wa ya buɗe ƙofar baya da aka kore ni? Kai ne, da farar safar hannunka. Na ce, "Cuthbert, ko bargo." Ka ce, "Yi sauri, kina shigo wa uwargida da sanyi." A rumbun ciyawa na haihu, jaririn bai kwana biyu ba ya mutu.

Ba zan zo ba. Ka faɗi wannan da bakinka a gabansu, in kana so in amsa ka a matsayin ɗan'uwa. In ba haka ba ka adana tawadarka.

Ka huta lafiya,
Mavis

Mavis,

Na gaishe ki. Na faɗa, a gaban kowa, ban rage ko kalma ba. Na zaci za su tofa mini yawu. Darakta tafawa ya yi, ya ce, "Tsoho, kai zinariya ne! Sake faɗin na bargon." Yanzu sun sa shi a fim. Wani dogo ne ya fito a matsayina, sau tara suka kori yarinyar da ta fito a matsayinki cikin dusar ƙanƙara ta takarda, tana dariya tsakanin ɗauka.

Amma dogon da hannun dama yake riƙe ƙofa, har yana sunkuyar da kai wai kunya. Ba haka aka yi ba. Da hagu na riƙe, kaina a miƙe, kin sani. Gobe da sassafe zan je in gyara masa.

Yayanki, ko kin ƙi,
Cuthbert