Ranar da Baba Ya Buɗe Rumbu

Zuwa ga ƙanena Auta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyalinka kuna lafiya, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar Baba da ta hana shi fita, amma bakin nan nasa yana nan yadda ka san shi.

Ka tuna rumbun gwamnati inda Baba ya yi aiki? Tsohon sikelin da muke hawa muna auna kanmu, da ƙaiƙayin buhu da yake kwasowa har Inna ta ce ya kaɗe rigarsa a waje? Wallahi ina kewar kwanakin nan. Sai shekarar fari ta zo, aka ƙayyade farashi, 'yan kasuwa suka ɓoye hatsi, aka ce kada a buɗe rumbu sai takarda ta iso daga sama. Mata suna wuni a ƙofa, ƙwari suna cin hatsi a ciki. Baba ya jira sati uku, ya buɗe. Aka kore shi, 'yan ajinku suka sa maka suna ɗan ɓarawon hatsi, tun daga nan ba ka ƙara son zancen ba.

A fari na biyu kuma aka yi gyaran gangar auzinawa. Aka yi ta rabon hatsi kyauta har bayan girbi, farashi ya karye, manoma da yawa suka ƙi shuka da damina ta zagayo. To, bana an sake tsari: a sayi hatsi da kaka, a fitar da shi kaɗan-kaɗan, in kuma tsada ta wuce iyaka mai rumbu ya buɗe ba sai ya jira kowa ba. Wata jami'ar gwamnati ta zo har gida, ta zauna a tabarma tana rubuta abin da Baba ke faɗa, sannan ta ba shi takardar da ta wanke shi. Na yi kuka, Auta.

Baba ko buɗe ta bai yi ba. Cewa ya yi shi ya san abin da ya yi, a aika wa wanda aka yi wa gori. Ga ta nan na haɗo maka. Ka kira shi, don shekara talatin ke nan yana zaton kunyarsa ce ta kai ka nesa.

Inna da Kawu Tela suna gaishe ka. Ka gaida amaryarmu da 'yan biyu.

Yayarka,
Malama