Kiɗa Irin na Lamont

Yaya Charmaine,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ki ce mata ina lafiya a Berlin, ina cin abinci.

Aikin haɗa kiɗan ne dai shiru. Jiya wani mawaƙin hip-hop ya zo wurina, ya ce, "Haɗa min kiɗa irin na Lamont." Kin tuna Lamont, abokina da na koya wa salon kiɗana a garejinmu na Detroit? Yanzu ya yi suna. Na haɗa masa. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Dattijo, wannan kwaikwayo ne. Ba ka kai shi ba."

Da ya tafi, na sake saurara ni kaɗai. Yaya, gaskiya ya faɗa.

Allah ya ƙara wa Lamont basira. Ki tambayar min Kawu Otis ko har yanzu yana neman direba.

Ƙaninki,
Terrence